Ɗan Farina da Lambobin Sojoji

Bazara ce, irin wadda ko tsuntsu ba ya son tashi da rana. Daminar baya ba ta yi ba, gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya ya bushe, kuma ba wanda ke da tabbas a kan wadda ke tafe. Gulbi ya janye har ana tsallake shi da ƙafa. Mutanen arewa da mu suna shigowa Sakkwato da jakuna marasa kaya, su zauna a gindin itatuwa, ko roƙo ba su yi. A shekarar ce kuma aka canza kuɗi, aka daina fam da sule, ana ta cewa ƙasa ta yi arziki da man fetur. Manyan motoci na shigowa da siminti, sojoji na mulki, rediyo na kiɗa tun safe. Ni dai abin da na fi tunawa shi ne warin mushen shanu idan iska ta juyo daga bakin gulbi.

A Ƙofar Rini muke zaune. Maigidana maƙerin farfaru ne, ba ya ƙera fartanya ko gatari, sai zobe da awarwaro da 'yan kunne. Maƙerarsa a zaure take, ina jin bugun gudumarsa daga madafa.

Ɗana na fari ya shiga soja tun farkon yaƙin basasa. An gama yaƙin da shekaru, bai dawo ba, ba a kuma aiko mana cewa ya mutu ba.

Yaran yanzu ba su cika sanin kunyar ɗan fari ba, to bari in faɗa. A lokacinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta cewa ɗanta ne, in an tambaye ta ma sai ta kau da kai. Uba ma haka. Ina yaye shi yayar maigidana ta ɗauke shi zuwa Wamakko, ita ta goya shi, ita yake kira Inna. Sai da ya tasa aka dawo da shi ya koyi ƙira wurin ubansa. A gidan muna ce masa ɗan Wamakko. Ranar da motar sojoji ta kwashe shi da sauran samari, ƙannensa sun raka shi har bakin hanya. Ni ina cikin ɗaki ina tsince wake, haka aka san uwar ɗan fari da yi, kuma ba wanda ya ga laifina, ni ma ban gani ba.

Abin da ya fi ci mini rai bayan yaƙi shi ne ba ni da wurin zama. Wadda ɗanta ya dawo an zo mata barka. Wadda aka kawo wa labarin mutuwa ta shimfiɗa tabarma, an yi mata gaisuwa, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ta tashi ta ci gaba da duniya. Ni kuwa liman ya ce ba a karɓar gaisuwar wanda ba a tabbatar ya mutu ba, kada a yi wa mai rai sadakar matacce. Gaskiya ya faɗa. Maƙwabta in sun shigo sai su rasa abin cewa, su tambayi zafi, su tambayi ruwa, su fita. Ni da maigida ba mu taɓa zancen ba. Wanda ba ku kira sunansa yana raye ba, ta ina za ku fara?

Yunwar shekarar ce ta kawo lambobin gidanmu. Mutanen ƙauye sun sayar da awaki, sun sayar da tasoshi da kwanoni, sai aka koma kan ƙananan abubuwan da ke ƙasan adaka. Dillalai na tattaro duk abin da ya yi kama da azurfa ko tagulla su kawo wa maƙera a narka, don a cikin gari masu sabon kuɗi na ta aure, ana neman awarwaro. Wata rana na kai wa maigida fura a zaure, na ga faifai cike da tarkace, tsofaffin sulalla da karyayyun mundaye, sai ga wani abu mai siffar tauraro da ɗan ƙyalle a jikinsa. Na san ko mene ne, na taɓa gani a ƙirjin tsofaffin sojoji ranar fareti. Lambar yabo ce, wadda su ke kira minda.

Na ɗauka. Na tona faifan na sami wasu, masu zagaye, farare.

Maigida ya ce, "Mi za ki yi da su? Wagga ba azurfa ta ba, farin ƙarfe na. Tauraron ga ma tagulla ta, ba ta da kyau."

Na ce, "In ba su da amfani, ka bar mini."

Ya dube ni, ya mai da kansa kan zuga-zugi. Tun daga ranar, duk lambar da ta zo cikin tarkace sai in tarar ya ware ta a gefen tulu. Bai taɓa tambayata dalili ba.

Ni kuwa ina da dalili, ko da yake na wauta ne. Na ɗauka gwamnati ba za ta ba mutum abu irin wannan ba sai ta rubuta sunansa a kai. Na yi ajin yaƙi da jahilci a gidan mai unguwa, na iya haɗa baƙi da wasali, ina karanta sunan da ke jikin gwangwanin madara. Sai na ce a raina, in na bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, wata rana zan ga sunan da na sani, in bi wanda ya kawo ta har in kai ga labari. Na wanke su da toka da tsamiya, na fito da su rana. Akwai kan Sarkin Ingila, akwai zaki, akwai rubutun Turanci da ba na ganewa. Sababbin, na yaƙinmu, ba kan sarki a jikinsu. Na juya gaba na juya baya. Tsofaffi ƙwarai guda biyu ne kawai na ga an buga wa suna da lamba a bakin gefe, su kuma masu su sun daɗe a ƙasa. Sauran duk babu suna. Ta wane da ta wane iri ɗaya ce, kamar kwabo.

Na zuba su a wata tasa mai marfi ta cikin jerena, na ce shi ke nan. Amma tasar ba ta bar ni ba. In babu suna a jiki, ai akwai hannun da ya miƙa ta. Na fara tare dillalai in sun zo, in ba su ruwa, in ce wannan daga ina. Wasu su tuna, wasu su ce sun manta. Na riga na manyanta, ba mai hana ni fita, ga kuma ziyarar Hubbare da nake zuwa ran Juma'a. Daga can sai in zarce.

Na farko da na samu mai tauraron ne. Tsoho ne, yana gadin wani fili da aka jibge buhunan siminti. Yaƙin Bama ya yi, tun zamanin Turawa. Na kwance bakin zane na miƙa masa lambarsa, ya ƙi karɓa.

"Riƙe abinki, ɗiyata. Wagga na riga na ci ta, tuwo na yi da ita. Ana mai da abin da an ka ci?"

Ya yi dariya, ba haƙori. Ya ba ni labarin dajin da rana ba ta shiga, da matsattsaku da ke shiga takalmi su sha jinin mutum bai sani ba, da yadda suka yi ta ɗaukar kaya a ka kamar jakuna. Ya ce da aka sallame su an ce za a ba su aiki. Ya nuna buhunan simintin da haɓa. Na tambaye shi ko ya san yaran da suka tafi wannan yaƙi na baya.

"Wa kika biɗa?"

Na ce, "Wani yaro na unguwarmu."

Ya ce bai san na yanzu ba, amma in tambayi masu sababbin lambobi.

Haka na yi ta bi har zafi ya kai maƙura. Na ga mai ƙafa ɗaya yana ɗinkin takalma. Na ga wanda ya sami aikin direba ya yi ƙiba, ya ce shi bai san yadda aka yi lambarsa ta bar gida ba, ya hau matarsa da faɗa a gabana, na ba da haƙuri na fito. Na ga gidan da aka ce mai lambar ya dawo lafiya, bayan shekara guda ya faɗa rijiya. Kowa na tambaya, maganata ɗaya ce, wani yaro na unguwarmu, dogo, ɗan gidan maƙera. Su kuma amsarsu ɗaya ce, yara sun yi yawa, Inna, wa zai tuna.

Wata lambar ta kai ni wani ƙauye bayan Wamakko. Uwar mai ita ce ta sayar. Ta shigar da ni bayan ɗaki, na ga saurayi zaune a ƙasa, an sa masa mari a ƙafa an ɗaure a jikin turke. Ba ya magana. In mota ta wuce a hanya sai ya kwanta ya rufe kansa da hannuwa. Ta ce sun yi rubutu, sun yi turare, sun gaji. Tana ba shi kunu da ludayi tana share masa baki da gefen zane. Na tsaya ina kallo, ina tambayar raina ko na fi ta ko ta fi ni.

Da za ta raka ni ta ce, "Ke ko, naki na kika biɗa ko?"

Na kau da kai. Ita Bahausa ce, ta gane, ba ta sake tambaya ba. Sai ta ce ɗanta da yaran cikin gari mota ɗaya ta kwashe su, kuma duk an ba da su a hannun wani Saja. Ta ce Sajan yana Sakkwato, Kirista ne daga can ƙasar duwatsu, yaƙi ya cinye masa idanu, matarsa malamar firamare ce. Ta kwatanta mini unguwar, bayan wani coci mai rufin kwano.

Na same shi zaune a kan benci a inuwar dalbejiya, yana saƙa kujerar roba da hannu. Ƙato ne, ya sa baƙin tabarau, fatar goshinsa ta tattare kamar an ƙona leda. Na yi sallama, ya amsa da kyau, Hausarsa irin ta bariki.

"Mama, zauna. Daga tafiyarki na ji ke ba yarinya ba ce. Me ke ƙara a zanenki?"

Na buɗe tasar na sa masa a cinya. Ya ajiye saƙar. Ya riƙa ɗaukar lambobin ɗaya-ɗaya yana shafawa da babban yatsa, yana faɗa mini. Wannan ta Bama ce, irin ta babansa. Wannan duk wanda ya sa kaki a yaƙin Turawa an ba shi, har mai dafa abinci. Wannan tamu ce, ta wanda ya je bakin daga. Da ya kai kanta ya daɗe yana riƙe da ita.

"Mama, kina tara kayan mutane. Za ki buɗe bariki ne?"

Na ce ina neman labarin wani yaro na unguwarmu da aka ce yana hannunsa.

Fuskarsa ta canza. Ya mai da lambar cikin tasa ya rufe.

"Yaron unguwa. To ki je ki turo mini uwarsa ko ubansa."

Na ce ai ko ni ya faɗa wa zan kai.

"A'a. Na yi wannan sau ɗaya, ba na ƙarawa."

Ya ba ni labari. Ya ce yaran Sakkwato da aka ba shi kusan duk sunansu ɗaya, don in an zo rubutawa sai a sa sunan yanka a bi shi da sunan gari, ba a sa na uba. In ya kira suna ɗaya sai mutum da yawa su amsa. Bayan yaƙi wani ya zo ya tambaye shi wane, ya ce ɗan maƙwabcinsa ne. Shi kuma ya ce wane ya mutu a gabansa. Aka je aka yi zaman makoki, matar ta yi takaba ta gama ta yi aure har da ciki. Sai ga mai sunan ya dawo, ashe wani wanen ne ya mutu.

"Tun daga nan na rantse. Uwa ko uba. Su ne suka san alamar da ba ta ruɗewa. Maƙwabci kuwa, dogo ne, baƙi ne, shi ke nan abin da ya sani."

Na ɗauki tasata na dawo gida.

Na yi kwanaki ina juya maganar. Na so in ce wa maigida ya je, amma sai in fara cewa wa za a tambaya, kuma na san shi, zai ce Allah ya san inda yake, ya ci gaba da bugu. Na koma wurin Saja har sau da dama. Kowane zuwa ina kai masa sabuwar lamba ya shafa, mu yi hira, matarsa in tana nan ta kawo mini ruwa a kofin gilashi. Kowane zuwa sai ya ce, "Uwar yaron nan ba ta zo ba har yanzu? Wace irin uwa ce wannan?" Ba da mugunta yake faɗa ba. A ƙasarsu ba su da wannan al'ada, mace na kiran ɗanta na fari da ƙarfi daga wannan dutse zuwa wancan. Bai taɓa kawowa a ransa cewa ita ce zaune a gabansa ba.

Sai wata dabara ta zo mini, har na ji daɗinta. An hana ni faɗa da baki, ba a hana ni rubutawa ba, don waɗanda suka kafa al'adar ba su san mace za ta iya boko ba. Na zaɓi ranar Asabar da babu makaranta, na je da la'asar. Malama na zaune tana tsefe kai. Bayan gaisuwa na tsuguna, na share ƙasa da tafin hannu, na rubuta sunan da yatsa, baƙi bayan baƙi, yadda aka koya mana. Ban taɓa rubuta shi ba sai ran nan. Na ce, "Malama, karanta masa."

Ta leƙo ta karanta.

Saja ya ce, "Masu wannan suna a hannuna sun fi yatsun hannu. Mama, na gaya miki. Suna ba ya isa."

Malama na kallon rubutun, tana kallona. Ta daɗe a Sakkwato tana koyar da 'ya'yan Hausawa, ta san iyayen da ke zuwa makaranta su kasa faɗin sunan ɗan da suka kawo. A hankali ta ce wa mijinta, "Ka tambaye ta ita wace ce a wurinsa."

Ya juyo da fuskarsa inda nake. "Mama?"

Na duba ƙasa. Iska ta fara cin gefen rubutun. Na ji kamar an ce in tuɓe zane a tsakiyar kasuwa. Na tuna uwata, da kakata, da yadda suka mutu ba wanda ya ji sunan 'ya'yansu na fari a bakinsu. Na tuna kuma tabarmar da ke naɗe a bayan ƙofata.

Na ce, "Ni na haife shi."

Na kuma faɗi sunan, da bakina, na haɗa da na ubansa. A nan ba zan rubuta shi ba.

Saja ya ce, "Duk zuwan nan." Ya cire tabarau ya goge wurin da idanu suke a da, ya mayar. "To faɗa mini alamarsa."

Nan na ga abin da kunya ta bar mini. Ban san muryarsa in yana dariya ba, don ba ya yi a gabana. Ban san abokansa ba. Abin da na sani na jariri ne. Na ce yana da tabon wuta a cikin hannun hagu, nan wajen wuyan hannu, tun yana rarrafe ya dafa garwashin maƙera. Na ce ɗan yatsansa na ƙafar dama ya hau kan na kusa da shi. Na ce ya iya ƙira.

"Maƙeri," in ji Saja. "Haka muke kiransa. Shi ke gyara mana bakin bel da marfin gora."

Ya miƙo hannunsa na hagu. A ƙaramin yatsa akwai zobe ja, na kwanson harsashi, an murɗa shi igiya uku. Murɗin gidanmu ne, na gan shi a hannun amare ba iyaka.

"Ya ce mini uwarsa ta rasu a Wamakko kafin ya shiga soja. Shi ya sa ban nemi kowa ba."

Na ce haka ne, ta rasu. Yayar maigidana da ta goya shi yake nufi.

Ya faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba. An sa su tsallake wani babban kogi a cikin jirgi, yawancin yaran ba su taɓa ganin ruwan da ya fi gulbinmu ba. Aka buɗe musu wuta daga ɗaya gaɓar. Nasu jirgin ya koma baya da waɗanda suka rage. Ɗana yana cikinsu, harsashi ya same shi a ciki da cinya. Ya kai gaɓa da rai, bai kai la'asar ba. Saja ya ce a lokacin yana da idanunsa, sai bayan wata biyu ya rasa su, don haka ba labari aka ba shi ba. Shi ya riƙe ƙafafun.

Na ce, "An yi masa wanka?"

"A'a, Mama."

"An yi masa salla?"

"Mai yi musu limanci yana cikin waɗanda ruwa ya tafi da su. Ana harbi. Mun sa su a rami ɗaya, shi da wasu biyu." Ya ƙara da cewa, "Na kwantar da shi ta gefen dama, na juya fuskarsa wajen fitowar rana, yadda na ga kuna yi. Ban sani ba ko na yi daidai. Na yi masa irin tawa addu'ar."

Na ce Allah ya saka da alheri. Muryata ta fito daidai, har na yi mamaki.

Na tambaye shi ko ɗana ba a ba shi lamba ba. Ya ce bai sani ba, wataƙila an buga, tana cikin wani akwati a wani ofis, wataƙila kuma ba a buga ba. Ya ce ko an kawo ba zan bambanta ta da waɗanda ke tasata ba. Ya yi ta murza zoben har ya fita, yatsan ya yi fari a wurin. Ya lalubo hannuna ya sa mini.

Na miƙe zan tafi ya ce, "Akwai abu ɗaya, ban gane shi ba sai yau. In an raba abinci yakan tona ƙasan kwano da cokali, yara na yi masa tsiya. Ya ce ya saba ne. Wai a gidan ubansa akwai matar da ba ta taɓa kallonsa ba, amma kullum sai ya tarar da nama a binne ƙarƙashin tuwonsa."

Malama ta raka ni har bakin titi tana riƙe da tasar, don na manta da ita a ƙasa.

Na iso gida ana kiran magariba. Maigida ya dawo daga masallaci ya zauna a zaure yana tattara kayan aiki. Na ajiye zoben a kan uwar maƙera. Ya ɗauka ya kai kusa da fitila. Ya bi murɗin da farce, ya juya cikin zoben inda aka haɗa baki, wurin ya yi kauri, ya yi tudu. A kan wannan tudun ya sha yi wa yaron faɗa, ina ji daga madafa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Har yanzu bai iya haɗa baki ba."

Na ce, "Ya rasu. A bakin wani kogi. Wanda ya binne shi ne ya faɗa mini."

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya sa zoben a aljihun gaba. Ya ɗebi ruwa ya kashe garwashin da ya rage, abin da ba ya yi, kullum rufe shi yake da toka don gobe.

Washegari bayan asuba na buɗe tukunyar da na ɓoye ɗan geron da muke tattali, na auna abin da zai isa, na jiƙa, na daka gumba. Na share zaure, na tura tasar lambobin ƙarƙashin gado. Na ɗauko tabarmar bayan ƙofa da ta ɗakin maigida na shimfiɗa, ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida. Na aika a gaya wa liman. Sannan na yafa mayafi na shiga gidan da ke jikin namu, na tarar da matar gidan tana hura wuta. Na ce mata in ta gama ta shigo, ana karɓar gaisuwa a gidanmu.

Ta ɗago tana share hayaƙi daga ido. "Ta wa?"

Na ce, "Ta ɗana."

Na dawo na zauna a kan tabarma, garin gero bai gama fita daga hannuna ba.